Ranar da Sabis Ya Ɗauke, Ina Mai Sayen Kayanmu Za Ta Same Mu?

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin ciniki, a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma

 

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu masu gida da suka bar harkokinsu suka zo, 'yan uwa mata da 'ya'yanmu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah da ya nuna mana shekara goma ya nuna mana ashirin cikin rufin asiri.

Kwamitin ciniki aka ba wannan fili, aka ce mu yi magana a kan waya. Da saƙon ya zo mana, wata a cikinmu ta ce haba, ana biki, ga shinkafa tana hucewa, sai a tsaya zancen waya? To a yi haƙuri da mu kaɗan. Ɗazu ma'aji ta karanta muku lissafi, kun ji abin da man gyaɗa ya kawo, da ƙuli-ƙuli, da daddawa. Abin da bai fito a takardarta ba shi ne ta ina cinikin ya shigo. Ta waya ya shigo. Hajiyar da ke sayen manmu a Agege ba ta taɓa taka ƙofar ofishinmu ba, in ta haɗu da mu a hanya ba za ta gane mu ba. Lambarmu kawai ta sani. Ranar da lambar nan ta ƙi shiga, a wurinta mun rufe shago ne, ko da kuwa muna zaune a gindin kayan tun asuba.

Iyayenmu sun tuna lokacin da wayar tebur ce kaɗai a Kano, mai farawa da 064, ita ma sai gidan wane da wane. Saƙon ciniki a bakin direba ake ba da shi, ko a rubuta a takarda a cusa a bakin buhu. A 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, sannu a hankali har ta iso hannunmu. Wadda ta fi kowa cin moriyarta ita ce matar da ke sana'a a cikin gida. A da, ƙafarta ita ce yarinyar da ta ɗora wa faranti a ka. Yanzu daga ɗaki take karɓar oda, ta ba ɗan sahu kaya, kuɗi ya shigo ta taransifa, yarinya kuma tana makaranta. Sai dai mun lura da wani abu: duk ranar da sabis ya ɗauke, farantin nan yakan koma kan yarinyar. Shi ya sa muke ganin maganar ta shafi kowa a wurin nan, har waɗanda ba sa zuwa kasuwa.

Bari mu tuna muku abin da ya same mu bara waccan, duk da mun san wasu ba sa son a tayar da shi. Ana saura kwana biyar Babbar Sallah muka ɗora jarka arba'in ta man gyaɗa a mota zuwa Legas. Man mata goma sha ɗaya ne aka haɗa. Da yamma motar ta tashi, ɗan kamasho ya ce zai turo mana lambar direba ta tes, mu kuma muka ce da safe ma tura wa Hajiyar Agege. Gari ya waye, wayar ofis babu ko sanda ɗaya. Muka kashe muka kunna, muka cire sim muka goge da bakin mayafi, muka ɗaga waya sama kamar masu duban wata. Shiru. Daga baya aka ce masu aikin hanya ne suka tsinke wayar da ke binne a ƙasa. Ba za mu kama sunan kamfani ba, don babu wanda bai taɓa yi mana ba.

Muka ari wayar maƙwabciya mai wani layin muka kira Hajiya, ba ta ɗaga ba. Ba ta ɗaga baƙuwar lamba, kuma ba mu ga laifinta ba, mu ma ba ma ɗagawa. Muka tura rubutu, ashe sai ɗanta ya dawo daga aiki yake karanta mata. Lambar direba kuwa tana can maƙale a layin da ya mutu, kafin mu aika tasha a samo ta yini ya tafi. Direba ya isa yana ta kiran lambarmu, Hajiya tana ta kiran lambarmu, su biyu a gari ɗaya, wataƙila tsakaninsu bai fi tafiyar ƙafa ba. Shi yana da lodin dawowa, ya sauke kaya a tasha ya juyo. Ita tana da masu jira, ta saya a wani wuri. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani. Sai bayan Sallah muka sayar da man, farashi ya sauka, mun biya kuɗin ajiya, jarka biyu sun tsiyaye. A cikin matan nan goma sha ɗaya akwai wadda da kuɗin take nufin yi wa marayunta ɗinkin Sallah. Ƙungiya ta ranta mata daga asusu, amma ai rance ba riba ba ne.

Abin da ya fi ci mana rai sai daga baya muka ji shi. Yaron mai POS da ke jikin ofishinmu, taku goma tsakaninmu, yana da intanet na wani kamfanin duk tsawon ranar. Da muka ba shi labari sai ya riƙe baki ya ce, Mama, ai da kun zo na jona ku, da lambar taku ɗin za ku kira ta a WhatsApp, sunanku ne zai fito mata. Muka ce yaya lamba za ta yi kira alhali layinta a mace yake? Ya yi mana bayani, ba mu gane ba. Muka kai maganar aji, malama ta zana mana a allo, sai a karo na uku ta zauna mana. Ga yadda muka fahimce ta, in mun yi kuskure 'ya'yanmu 'yan jami'a suna nan, sa gyara.

Kira iri biyu ne. Akwai kiran kati, wanda muka saba. Shi wannan, muryarki daga waya sai ƙarfen sabis na kamfanin da ya ba ki sim, daga nan kamfanin ya miƙa ta gaba. Hanya ɗaya gare shi. In ƙarfen ya mutu, ko wayar da ta haɗa shi da sauran ta tsinke, magana ta ƙare, kamar ƙauyen da mota ɗaya ke zuwa. Akwai kuma kiran intanet, irin na WhatsApp da Telegram da Messenger. Shi kuma waya ce ke daddatsa muryarki ƙanana-ƙanana, kamar yadda muke ƙulla gishiri a leda, ta tura ƙullin ta duk hanyar da ta samu, can a wayar mai amsawa a sake jera su su koma magana. Ƙullin nan bai damu da motar wa ya hau ba. Datar layinki ce, waifai ɗin maƙwabci ne, ɗanki ne ya buɗe miki hosfot a wayarsa, duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa in intanet ya yi rauni za ki ji murya tana yankewa ko tana zuwa a makare, wasu ƙullin ne suka ɓata a hanya ko suka yi lattin isowa.

To ina lamba ta shigo? WhatsApp yana buƙatar sim ɗinki ne ranar rajista, don ya turo miki lambobi shida ya tabbatar ke ce mai layin. Daga ranar ya riƙe lambar a matsayin sunanki. Ko sim ɗin ba ya kama sabis, kai ko an cire shi an ƙulle a bakin zane, muddin wayar ta samu intanet daga ko'ina, mai kiranki ta WhatsApp zai same ki a lambar da ya sani, in ke kika kira kuma lambar zai gani. Wasunmu ma sun taɓa gani da idonsu ba su lura ba. A watan Afrilu na 2022, farkon azumi, da aka hana layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba yin kira, sai dai a kira su, ai akwai waɗanda suka ci gaba da gaisawa da 'yan uwa ta WhatsApp suna cewa ikon Allah. Ikon Allah ne kam, amma ga ta inda ya biyo.

Bayan wannan asara ne kwamiti ya kawo shawara, kuka amince, aka cire kuɗi daga asusu. Mun san an yi gunaguni, an ce kuɗin da za a ƙara a jari an kai shi ga akwati mai ƙyafta ido. Abin da aka saya dai ga shi. Ƙaramar na'urar waifai, wadda yara ke kira rauta, aka sa mata sim na kamfanin da ba shi ne na lambar ofis ba. Nan ne gaba ɗaya dabarar take, kada lamba da intanet su zama na kamfani ɗaya. Sai farantin sola da batir, don rauta ba ta aiki da fatan alheri. Sannan aka jona WhatsApp ɗin ofis a wayar sakatariya da ta ma'aji. An yarda a jona har na'ura huɗu bayan uwar wayar, saboda haka yanzu kira ɗaya a wuri uku yake kaɗawa. Abin lura, in aka bar uwar wayar kwana goma sha huɗu ba a buɗe ta ba, sauran sukan fita da kansu. Mun koyi wannan ne lokacin da aka kulle ta a durowa aka tafi biki da makulli.

Sai karkatar da kira, wanda saita shi bai ci ko kwabo ba. Ana danna tauraro sau biyu, sai 62, sai tauraro, sai lambar da ake so kira ya koma, sai alamar #, a buga. Daga nan duk wanda ya yi kiran kati ya tarar ba a samun layin, kiran zai zarce wancan. Mu ke biyan kuɗin zarcewar, don haka sai da kati a layin. Kuma tun sabis yana nan ake saita shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Yana aiki in ƙarfen unguwa ne ya mutu. In ciwon daga can cikin kamfanin yake, wani lokaci shi ma ba ya tafiya.

A daminar bana an gwada mu. Yini guda da rabi layin ofis bai kama ba. Buhunan gyaɗa da muka saya a Dawanau sun iso lafiya, mai saye daga Fatakwal ta kira ta samu ma'aji, Hajiyar Agege kuwa, wadda Allah ya sa ta dawo mana bayan an sha ban haƙuri, ta kira ta yi odarta, ba ta ma san wani abu ya faru ba. Mata bakwai da layinsu ya mutu suka zo ofis da wayoyinsu suka baje a tabarma, kowacce ta gama cinikinta. A ranar ba mu ji mai zancen akwati mai ƙyafta ido ba.

Amma kada mu yi muku daɗin baki. Ɗaukewar sabis ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan dabara ba ta maganin kowace.

Akwai ranar da intanet ɗin ne kansa ba shi da lafiya. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Daga Najeriya har Ghana da maƙwabta an ji a jika. WhatsApp yana ta juyi, manhajar banki ta ƙi buɗewa, amma kiran kati yana shiga. A irin wannan rana ƙaramar waya mai madannai, wadda yara suka sa wa sunan da ba ma faɗa a gaban surukai, ita ce sarauniya. Don haka wadda Allah ya hore wa babbar waya kada ta ba jika ƙaramar ya yi wasa da ita. A bar ta da caji, a bar mata kati ko na ɗari biyu ne. Kuma a riƙe wannan da kyau, mu da muke kwana da fargabar gobarar kasuwa: WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa ta 112, sai kiran kati.

In kuwa intanet yana nan amma rarrafe yake yi, kada ki nace da kira, balle na bidiyo mai shan data kamar ruwa. Yi saƙon murya gajere. Kira yana son hanya a buɗe daga farko har ƙarshe, saƙon murya kuwa yana iya jira, da ya ga kafa sai ya wuce. In kin ga alamar agogo, bai tafi ba. Maki ɗaya, ya bar wayarki. Maki biyu, ya shiga tata.

Akwai kuma ranar da duka ke tafiya tare. Sau da yawa ƙarfe ɗaya ne kamfani biyu ko uku suka rataya kayansu a kai, inji ɗaya ke ba su wuta. In man injin ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batir, mai sim biyu da mai sim uku duk ɗaya suke. Kafin mu zaɓi sim ɗin rauta sai da muka yi wata guda muna rubutawa a littafi, wane layi ne ya ɗauke yau, wane ne ya tsaya, muka ɗauki wanda ba ya faɗuwa tare da namu. Wadda za ta yi irin wannan a gidanta, ta yi nata binciken a unguwarta, don abin da ya yi a Kurna ba lalle ya yi a Hotoro ba. Ga kuma wuta. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, da Arewa ta yi sama da mako a duhu, masu cajin waya suka zama sarakuna, layi har titi. Waya mai sabis cike amma batir ya mutu, da ita da dutsen niƙa ɗaya.

Wanda ya fi duka shi ne na 2021. A farkon Satumba gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, daga baya aka ƙara da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Babu kira, babu tes, babu data. Mutanen Gusau har Funtuwa suke hawa mota don su yi waya, kafin ita ma Funtuwar a rufe ta. Na bakin iyaka wasu suka koma neman sabis ɗin Nijar. Wasu wuraren sai wajen ƙarshen shekara aka buɗe. Muna da masu kawo mana kalwa da gyaɗa daga can, makonni ba mu ji ɗuriyarsu ba, ba mu san ko suna raye ba, balle a yi zancen kaya. A irin wannan, rauta mai sim ba ta da amfani ko na anini, don ita ma daga ƙarfen take sha. Sai dai intanet mai saukowa daga tauraron ɗan'adam, irin kwanon Starlink da ya shigo ƙasar nan a 2023, shi kuwa mun tambayi kuɗinsa, muka yi salati muka fito.

Abin da ya fisshe mu a lokacin tsohuwar hanya ce. Direban da muka sani, takarda a hannunsa, da alkawarin rana: duk Laraba kaya za su iso, ko an yi waya ko ba a yi ba. Da muka ga lafiya ta samu sai muka saki wannan, har jarka arba'in suka tuna mana. Yanzu ba ma barin mota ta tashi sai an rubuta wa direba lambar mai karɓa da lambobinmu biyu a takarda, an kuma tura wa mai karɓa lambar direba da ta mota tun ana lodi, ba sai da safe ba. Akwai kuma littafi mai baƙin bango a ofis, duk lambar mai saye da mai kawo kaya tana ciki da biro. Mu da muka koyi rubutu da girmanmu, wannan littafin ne ya fara biyan mu wahalar zuwa aji.

Yanzu ga maganar da muke so kowa ta buɗe kunne, har masu hira a can baya. Tunda lamba tana iya rayuwa ba tare da sim ba, to ɓarawo ma yana iya ɗauke ta bai taɓa wayarki ba. Abin da yake nema lambobi shidan nan ne kawai. Zai kira da murya mai daɗi, ya ce daga ƙungiya ne za a yi taro ta intanet, ko an sa sunanki a tallafi, an turo miki wasu lambobi, karanto min. Kina karantawa, WhatsApp ɗinki ya koma wayarsa. Kafin la'asar ya bi abokan cinikinki ɗaya bayan ɗaya da sunanki da hotonki, yana cewa an canza lambar asusu, a tura kuɗi nan. Ya faru da ɗaya daga cikinmu, tana zaune a nan, ba za mu nuna ta ba. Ta biya wasu daga aljihunta, amma kallon da aka riƙa yi mata a kasuwa ya fi kuɗin ciwo.

Ƙungiya ba za ta taɓa tambayarki waɗannan lambobi ba. Banki ba zai tambaya ba. Ko muryar Hajiya shugaba kika ji, kashe ki kira ta da kanki. Haka wanda zai ce danna tauraro kaza da kaza. Dabarar karkatar da kira da muka faɗa ɗazu su ma sun san ta, suna sa mutum ya karkatar da kiransa zuwa wayarsu da hannunsa. A cikin WhatsApp akwai wurin da ake sa lambar sirri ta biyu, ita ma guda shida, wadda ke kika zaɓa. In an sa ta, ko ɓarawo ya samu ta farko zai tarar da wani kwaɗon. Kada a sa ranar haihuwa, kada a rubuta a bayan waya. Sannan ranar da sabis ke wasa, ranar kasuwar masu alat ɗin ƙarya ce. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kaya ba sa fita sai ma'aji ta ga kuɗi a asusu, ko da mai sayen ƙanen miji ne. Masu gida, a yi mana afuwa.

Tunda ma mun taɓo ku, ga roƙo. Mata da yawa a nan, layin da suke ciniki da shi da sunan miji aka yi rajistarsa, ko ɗa, ko ƙane. Lafiya lau ne har ranar da waya ta faɗi a kasuwa, aka je dawo da layi aka ce sai mai NIN ɗin ya zo da kansa, shi kuwa yana Legas, ko ma ya riga mu gidan gaskiya. Layin ofishinmu haka muka tarar da shi, da sunan yaron da ya tafi hidimar ƙasa, sai da aka yi wata biyu ana bi. Yanzu an mai da shi sunan shugaba, an kuma rubuta a littafin taro cewa na ƙungiya ne. Don Allah a raka su su gyara. Layin da aka ajiye don ko-ta-kwana kuma a riƙa sa masa kati ana kira da shi jifa-jifa, don in ya daɗe a kwance kamfani yakan karɓe ya ba wani, wanda ya samu kuwa yana iya buɗe WhatsApp da lambar.

Saura magana ɗaya, ita ce wadda za ku yanke hukunci a kai yau. Kiran WhatsApp yana da rami guda: sai in mai kiran ma yana da babbar waya da data. Matan ƙauye da ke kawo mana kalwa da gyaɗa, da direbobi da dama, kiran kati suke yi. Akwai kamfanoni masu lasisi da ke ba da lamba wadda ba ta da sim sam. Mai kira zai buga ta da ƙaramar wayarsa kamar kowace lamba, kamfanin ya karɓi kiran ya juyo shi ta intanet zuwa manhajar da ke wayoyinmu. Ana iya tsara ta ta kaɗa a wayar sakatariya, in ba ta ɗaga ba ta wuce ta ma'aji, in intanet ya yanke ta faɗa kan layin kati. Irinta ce bankuna da manyan kamfanoni ke amfani da ita, inda za ki ji an ce danna ɗaya, danna biyu. Ita ba a ƙarfen unguwarmu take zaune ba, don haka mutuwarsa ba ta kashe ta.

Kwamiti ya rabu biyu a kai, ba za mu ɓoye ba. Masu so suka ce abin da muka yi asara a jarka arba'in ya isa biyan kuɗinta na dogon lokaci. Masu ƙi suka ce kuɗin wata ne, a yi ciniki ko kar a yi sai an biya, ga data ta yi tsada tun da hukumar NCC ta amince a watan Janairu na 2025 a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Suka ƙara da cewa sabuwar lamba ce, mutanenmu kuwa shekara da shekaru suna haddace da tsohuwar, kuma mun riga mun ga yadda ake yi da baƙuwar lamba. Wannan hujja ta ƙarshe ita ta fi nauyi a wurinmu. Wadda aka sani a rumfa ɗaya shekara goma, in ta tashi ta koma layin baya, ko da rumfar ta fi kyau, sai ta yi wata tana kiran masu wucewa.

Inda muka tsaya shi ne a gwada wata uku, lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gyaɗa ke shigowa kuma kira ya fi yawa. Ba za a taɓa tsohuwar lamba ba. Ita za a karkatar zuwa sabuwar duk sanda ta ƙi shiga, ta yadda ba sai an koya wa kowa wata lamba ba. Sakatariya za ta riƙa rubuta kira nawa ne ya biyo ta can, wanda da ba don haka ba da ya faɗi. In wata uku suka cika lissafi bai fita ba, a rufe, babu jin kunya. Ma'aji ta karɓo farashi daga wuri uku, takardun suna kan teburinta, ita za ta faɗi abin da zai hau kan kowace mace, kowa kuma na iya dubawa kafin a ɗaga hannu.

Ranar Asabar bayan an tashi daga aji, 'yan matanmu huɗu za su zauna a ofis. Kowa ta zo da wayarta da cajarta, a sa mata lambar sirri ta biyu, a nuna mata yadda ake jona waifai, a taya ta kwafe lambobinta a littafi. Wadda ba ta fita ta faɗa wa sakatariya, za a turo mata yarinya har gida da izinin mai gidan. Lambar sirrin waifai ɗin ofis tana wurin ma'aji, ta ciniki ce. Yaran da suka gano ta suke kallon ƙwallo a bayan taga da daddare, mun san ku, iyayenku ma suna nan zaune, kuma an canza ta jiya.

Hajiya shugaba, mun ci lokaci, a yafe mana. Ga takardar shawarar, a karanta a ɗaga hannu kafin a raba abinci, don mun san in aka raba babu mai sauraron kowa. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya mai da kowa gida lafiya.